Wane suna za mu ba wa "street lit" a kantar laburaren makaranta?

Malamin Hausa, yankin Ringim:
Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. A cikin kwalayen littattafan da aka kawo wa makarantarmu kyauta akwai rukunin ƙagaggun labarai da Amurkawa ke kira "street lit", kuma shugaban makaranta ya ce a rubuta sunan kowane rukuni da Hausa a jikin kanta, domin iyayen da ke kwamitin makaranta su san abin da 'ya'yansu ke ara. Labarai ne na rayuwar unguwannin talakawa baƙar fata a biranen Amurka, inda ake maganar dillancin ƙwaya da faɗan gungu da zaman kurkuku, da harshen mutanen wurin ba tare da an wanke shi ba. Sun yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin Holloway House na Los Angeles ya fara buga irinsu, ciki har da na Donald Goines, mutumin Detroit da ya fara rubutu a gidan yari, aka kuma harbe shi a 1974. Sun sake farfaɗowa wajen 1999, marubuta da dama suna bugawa da kuɗinsu suna tallatawa da kansu. Waɗanda aka kawo mana na ɗalibai ne, an rage batsa da ashar, amma duniyar labarin ita ce dai. Na rubuta "labaran titi" da alli, sai wani ɗalibi ya tambaye ni ko na haɗarin mota ne.

Malama mai kula da laburare, yankin Bichi:
Wa alaikumus salam, Malam. Yaron yana da gaskiya, domin titi a wurinmu hanyar kwalta ce, ba wurin da mutum ke tasowa ba. "Adabin birni" ma ba zai yi ba, saboda a ƙasar Kano idan an ce birni cikin ganuwa ake nufi, wurin sarauta da malanta da tsofaffin zuri'o'i, wanda kusan kishiyar abin da ake nema ne. Kalmar da ta fi kama ma'anar ita ce bariki, tunda ɗan bariki shi ne wanda ya bar tarbiyyar gida ya koyi zaman kansa. Sai dai ina tabbatar maka, ranar da aka liƙa "adabin bariki" a makarantar 'yan mata, kafin la'asar iyaye sun cika ofis, domin kunnen Bahaushe karuwanci yake fara jiyowa.

Tsohon shugaban makaranta, Birnin Kudu:
Malama ta taɓo inda abin yake. Suna yana iya kashe littafi tun ba a buɗe shi ba, kuma mun gani a gida. Da aka laƙaba wa littattafan da suka ɓullo a Kano tun shekarun 1980 sunan "adabin kasuwar Kano", marubuta da yawa sun ƙi shi saboda raini suka ji a ciki, kuma wannan kallon bai bar littattafan ba har zuwa 2007, shekarar da aka ƙona wasu a wata makarantar 'yan mata a Kano. Saboda haka ku guji "labaran daba" da wasu ke kawowa. Daba ɓangare ɗaya ce kawai, alhali yarinyar da ke riƙe da ƙannenta bayan an ɗaure ubansu ita ma tana cikin irin waɗannan labarai, kuma ba 'yar daba ba ce. Ni shawarata "adabin lungu". Lungu ba zagi ba ne kuma ba yabo ba ne. A can ake majalisa, a can ake ƙwacen waya da shan sholisho, a can kuma mai ƙosai ke kafa kaskonta da asuba. Ɗalibin da ya taɓa zuwa hutu Kurna ko Brigade zai gane nufin tun kafin a yi masa bayani.

Malamin Hausa, yankin Ringim:
Na gode, Baba. Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne ƙauyukanmu ma suna da lunguna, amma na ga cewa idan aka haɗa kalmar da adabi hankali ba ya tafiya lungun ƙauye, kuma duk mai son ƙarin bayani zai iya cewa "adabin lungun birane". Na karɓa. Saura rabin sunan, wato masu karatun. Da Turanci ana kiran na ɗalibai "teen street lit", "teen" kuma yana nufin 'yan shekara 13 zuwa 19, mu kuwa matashi yakan kai arba'in ana kiransa matashi, "masu tashen balaga" kuma ya yi nauyi a jikin kanta. Zan rubuta "Adabin Lungu na 'Yan Sakandare", in ajiye su a kantar da ke bayan teburin mai kula da laburare, a fara ba 'yan babban aji aro bayan malamai biyu sun karanta kowane littafi.

Malama mai kula da laburare, yankin Bichi:
Ya yi, Malam. A katin aro dai ka taƙaita shi zuwa "Adabin Lungu", saboda gurbin rubutun ba zai ɗauki sauran ba.