Ina iyalan tsohuwar Kete Krachi suka watsu bayan ruwan Volta ya ci gonakinsu?

Jikan Kete, daga Nima:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Kakata ta wajen uwa haifaffiyar zangon tsohuwar Kete ce, kuma har Allah ya yi mata rasuwa a nan Accra ba ta daina ambaton gonar doyar mahaifinta da ke gangaren kogi ba, wadda yanzu take ƙarƙashin tafkin Volta. Ina roƙon masu sani su bayyana mini inda aka kai mutanen kwarin, da abin da aka ba su a madadin gonakinsu, da kuma hanyar da zan bi in gano danginmu da suka rage.

Tsohon malamin makaranta, daga Mamobi:

Wa alaikumus salam, ɗana. An fara aikin madatsar Akosombo, wadda ta tare kogin Volta a Ghana, a 1961, ruwa ya fara taruwa a 1964, sannan Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da ita a watan Janairun 1966. Tafkin ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700, aka tattara yawancinsu a sababbin matsugunai 52. Kete ba ƙaramin wuri ba ne a tarihinmu, domin bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake Hausawa da yawa can suka koma, ciki har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano wanda ya yi limanci a garin har rasuwarsa a 1934. A wancan zamani gishirin garin Ada na bakin teku yana hawowa ta kogi a kwale-kwale, shanu suna gangarowa daga arewa. Garin da ake kira Kete Krachi a yau sabo ne, an gina shi a kan tudu.

Hajiya, daga Sabon Zongo:

Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen. Ɗaki guda ake ba magidanci, da daɓen siminti da rufin kwano, a ce ya ƙarasa sauran ɗakunan da kansa. To, mutum mai mata biyu ko uku, da tsohuwar mahaifiyarsa, da samarin 'ya'ya, yaya zai yi da ɗaki guda? A nan ne gidajen gandu suka fara tsinkewa. An yi alkawarin noma da tarakta, amma sharar filayen ta yi jinkiri ƙwarai, har manoman da suka saba cika rumbu suka koma layin karɓar abincin agaji. Manomin doya yana buƙatar sabuwar ƙasa a kai a kai, ga shi filin da ke kewaye da sabon gari yana da masu shi tun kaka da kakanni. Mijin yayata bai jure ba, ya sayar da 'yan awakinsa ya tafi Kumasi, ƙanensa ya nufi Yeji, kuma 'ya'yansu ba su san juna ba sai a wajen wata jana'iza.

Ɗan kasuwa, daga Madina:

Ba na musun amfanin wutar Akosombo, da ita muke sana'a. Sai dai kaso mai yawa nata kamfanin narka alminiyam na Valco da ke Tema ya riƙa sha, alhali yawancin matsugunan nan sun daɗe suna kunna fitilar kananzir, ga cutar tsargiya da ta yaɗu a bakin tafkin. A ganina ba a yi wa mutanen adalci ba.

Game da neman dangi, ƙanena, kada ka dogara da sunan mutum kaɗai, domin masu suna ɗaya suna da yawa. Ka tambayi tsofaffin gidanku laƙabin kakan naku, da sana'arsa, da malamin da ya yi karatu a gabansa. Da waɗannan za ka je wajen sarkin zango da limamin Kete Krachi, zai fi kyau ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da dattawa suke zaune wuri ɗaya. Idan ba a dace a can ba, sai ka bi ta Dambai da Yeji da Salaga.