Mota na ƙin tashi da sahe lokacin ɗari, wa abin ga ya taɓa samu?

Mai Corolla, Mabera: Salamu alaikum jama'a. Tun da hunturun ga ya kankama motata ta ɗauko wani hali, da asuba in na murɗa makulli sai ta riƙa jan numfashi a hankali awa mai ciwon ƙirji, sai yaran unguwa sun tura ni, amma in rana ta yi bugu guda take tashi. Wani ya ce batir na, wani ya ce kik, wani ya ce hulogi. Kahin in zubar da kuɗi ina son in ji ta bakin waɗanda sunka gani.

Direban layin Illela: Wa alaikumus salam Malam. Yadda ka kwatanta ta batir na. Mu nan Sakkwato ba ɗari ka kashe batir ba, zahin Maris da Afrilu ne, lokacin da ake haura digiri 40 ruwan cikinai ke ƙonewa yana lalacewa ba ka sani ba, yana ta lallaɓawa dut damina, sai Disamba ta zo da sanyin asuba asirinai ya tonu. Tawa haka ta yi min bara a tasha ga fasinja cike. Kunna manyan hitilu ka murɗa makulli, in sunka dushe sosai to ga amsarka.

Mai wayarin: Oga direba ya yi gaskiya amma Alhaji kar ka sayi batir sai an sa mita, minti biyar ne. Batirin da ya kwana lafiya ya nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.2 ya sha rabi, lokacin da ake bugawa kuma kar ya faɗi ƙasa da 10 sosai, in mota ta tashi ana son a ga 13.8 zuwa 14.4, in bai kai ba to altaneta ce ba ta caji kuma ko sabo ka sa fil a leda za ta shanye shi. An taɓa kawo min wata Golf mai ita ya sa sabon batir amma tana nan yadda take, da na ɗaga bonet kan batirin duk farin gari ya ci shi, wayar at ɗin da ke kama jikin mota kuma tana rawa. Ruwan zafi na zuba na kankare na ɗaure, shi ke nan. Kuɗin batirin nan dai ya tafi, har tausayi ya ba ni. Kik kuwa alamarsa daban ce, fitilu na nan tar amma ka ji ƙas sau ɗaya shiru, yawanci burushi ne ya cinye.

Hajiya daga Arkilla: Ni tawa ba haka take yi ba ko kaɗan, injin na juyawa da ƙarfinsa wallahi amma ta ƙi kamawa, in ta kama kuma sai karkarwa ta mutu sai na taka totur, ga yara da kayan makaranta suna jira. An canza fulogi bai yi ba, an wanke nozul bai yi ba, sai da ƙanena ya kai ta inda ake sa kwamfuta aka ga sensan zafin ruwa ne ya mutu, wai shi ke gaya wa kwakwalwar mota injin da sanyi a ƙara mai, shi kuma yana ce mata da zafi. Ɗan abu ƙarami haka. Sun kuma fiddo filtar iska ta koma ja da ƙurar hunturu.

Mai wayarin: Haka ne Hajiya, matsalarki da ta Alhaji ba ɗaya ba ce. Tasa juyawar ce ba ƙarfi, taki mai ne ko wuta. Masu irin taki su murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa su saurara, za a ji famfon mai ya yi zuuu ta baya, sannan a buga.

Mai Hilux, Kwannawa: Masu gas ku ma ku ji. Akwai wata 'yar hitila mai kama da nannaɗaɗɗiyar waya a dashbod, alamar hita ce mai ɗumama cikin injin, jira ta mutu kahin ka buga. Yaron da ka ja min mota ba ya jira, har munka fara zargin famfo, ashe hita biyu cikin huɗu sun ƙone, da sahe sai farin hayaƙi ya turnuƙe gida.

Baba mai 504: Yara kun sha wuya da kwamfutarku. Mu cok muka ja, a taka totur kaɗan, ta tashi a bar ta ta ɗumama a maida cok. Abin da ni ka ce ma ɗana shi duba baƙin mai.

Direban layin Illela: Ranka shi daɗe nan kam ka taɓo wurin. Kowace mota 20W-50 aka ɗura mata don wai garinmu da zahi, alhali ƙananan motocin yanzu da yawa 5W-30 anka rubuta bisa murhin mai, mai kauri in ya kwana cikin sanyi ƙara kauri yake, batir mai rauni ba ya iya juya injin. Ni dai tsohon injina ya saba da mai kaurin ban canza ba.

Hajiya daga Arkilla: To mu masu otomatik da ba a tura mu fa, in ta ƙi ya za mu yi?

Mai wayarin: Ki aje wayar jampa a but Hajiya. Ja a kan alamar + ta batir biyun, baƙa a kan − na motar da ke ba ki wuta, ɗayan bakin a jikin ƙarfen injinki nesa da batir. Kar a wuce daƙiƙa 10 ana bugawa, a huta kaɗan, in ba haka ba kik ya ƙone. Zuba fetur ta hancin iska da wasu ke yi kuwa kar ki bari a yi miki, na ga wanda wuta ta taso ta lashe masa gira.