Mafarauta maza ne kaɗai suka yi zanen cikin kogo?

Malam Sani: Jama'a, jiya a aji na gaya wa ɗalibaina cewa zanen dabbobin kogon Lascaux na Faransa, mai kimanin shekara 17,000, mafarauta maza ne suka yi shi, tsafi ne don su yi sa'ar farauta. Wata yarinya ta ce, "Malam, wa ya gan su?" Ni dai ina kan bakana. Wanda bai sha bin dabba a daji ba, ba zai iya zana doki haka ba.

Malama Binta: Malam, wannan ra'ayin Henri Breuil, Bafaranshe masanin kayan tarihi, ne ya yaɗa shi, kuma ƙasusuwan da aka tono a kogon ba su goyi bayansa ba. Akasarinsu na rendiya ne, barewar nan ta ƙasashen ƙanƙara. Ita suke ci, amma a bango dawakai suka fi yawa, ita kuwa da ƙyar aka samu siffarta guda. In tsafin neman nama ne, me ya sa suka tsallake naman da suke ci?

Malam Sani: Ai abin da ya gagare ka shi kake yi wa tsafi.

Habibu: To a kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, zakuna da karkanda ne birjik. Su ma na miya ne?

Malama Binta: Sannan batun maza. Akwai hannayen da ake dafa bango a fesa jar ƙasa a kewayensu. A 2013 wani masanin kayan tarihi mai suna Dean Snow ya auna yatsun 32 daga cikinsu a kogunan Faransa da Sifaniya, ya ce 24 na mata ne.

Malam Sani: Hannu 32 ya yi kaɗan, Malama, kuma hannun saurayi kan yi kama da na mace. Mai hannun ma ba lallai ita ta zana dokin ba.

Malama Binta: Na yarda. Amma kai ko hannu ɗaya ba ka kawo mana ba.

Baba Ado: 'Ya'yana, kun tafi Turai kun bar na gida. Na je Dutsen Mesa a Birnin Kudu da ƙafata. Shanu ne a jikin dutsen, marasa tozo, ba irin namu na yanzu ba. Akwai kuma duwatsun da in ka buga da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa. Na sa yatsa a gurbin da bugu ya lotsa, sumul kamar cikin turmi. Sai da jikina ya yi sanyi. Shanun kiwo ne fa, ba a farautarsu. A ganina wurin taro ne, ana kiɗa ana biki.

Habibu: Baba, na Birnin Kudu jiya-jiya ne a kan Lascaux. Kada mu ɗora musu dalili ɗaya.

Baba Ado: Abin da nake faɗa wa Malam Sani ke nan, kowa da nasa dalilin.

Malam Sani: Tsafin farauta na sassauta, Baba. Amma a Lascaux an samu fitilun kitse fiye da ɗari, wani zanen kuma yana sama inda hannu ba ya kaiwa daga ƙasa. Ba a shan wannan wahala a cikin duhu don ado kawai.

Malama Binta: Nan muna tare. Sai dai aikin mai riƙe fitila da mai niƙa launi da mai hawa sama aikin gayya ne. Gobe ka kai wa yarinyar nan hoton hannayen, ta gwada da nata.