An ce in shiga bincike ina cikin jego, wa ta taɓa yi?

Maman Sadiƙ, Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana 19 da haihuwa. Tun bayan suna ƙafafuna sunka kumbura, in na kwanta sai numfashi ya tsaya mini a wuya, sai na jingina da filo uku kafin barci ya ɗauke ni. An yi mini hoton zuciya, likita ya ce ta raunana. Ya ba ni magani, sannan ya miƙo wata takarda, wai suna bincike kan masu jego irina, za su riƙa ɗibar jini suna maimaita hoton. Surukata ta ce atafau, jinin mai jego ba na rabo ba ne. Maigida ya ce in tambaya.

Uwar Biyu, Runjin Sambo:
Sannu 'yar uwa, Allah ya raya. Ni na shiga irinsa a haihuwata ta huɗu. Jinin da Inna take tsoro bai cika ƙaramin cokali biyu ba, kwalba ce kamar ɗan yatsa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kiran waya. Duk lokacin da ranar komawa ta matso sai wata malamar jinya ta kira, kuma ba na bin dogon layi. Da ni kaɗai ce, wallahi da kumburin ya sace zan watsar da maganin.

Hajiya Babba, Ƙofar Rini:
Mu mun haifi goma da wankan darbejiya da kunun kanwa, ga mu nan. Kuma kun manta abin da ya faru da yara a Kano shekarar sanƙarau?

Malamar Jinya, Arkilla:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba mu manta ba. Gwajin maganin Trovan ne a kan yara masu sanƙarau a 1996, kuma yana cikin dalilan da yanzu ba a taɓa mutum sai kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike ya amince, an karanta masa takarda da harshen da yake ji. Maman Sadiƙ, ki tambaye su abu ɗaya: sabon magani za su gwada a kanki, ko bibiyar ciwon kawai za su yi? Su biyun ba ɗaya ba ne. In kin ƙi, ko kin fara kin fasa, maganinki yana nan.

Ciwon raunin zuciyar masu jego kuma ba baƙo ba ne a nan Sakkwato. Wani bincike na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya fito a 2007 ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ya kere na yawancin ƙasashen duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suke zargin kanwa da zafin wanka. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa suka bi mata da yawa, hankalinsu ya fi karkata ga hawan jinin ciki, rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam. Amma ke da zuciya ta riga ta gaji, ki ajiye kanwa da gishiri, suna tara ruwa a jiki.

Maman Nana, Bodinga:
Ni dai tawa ba ta yi daɗi ba. Awa biyu da haihuwa, ko ruwan zafi ban sha ba, wata ta zo da takardar Turanci shafi huɗu ta kama babban yatsana ta dangwala. Sai a gida ƙanena ya karanta mini. An rubuta za a ba da kuɗin mota, na tahi sau biyu daga Bodinga da jaririya a goye, sau ɗaya aka ba ni. Har yau ba wanda ya ce mini ga abin da sunka gano.

Uwar Biyu:
Kai, wannan ba daidai ba ne. Ni Hausa aka karanta mini, aka ce in je gida da ita in yi shawara.

Baban Ilham, Gidan Igwai:
A yi haƙuri namiji ya sa baki. Matata ta zubar da jini a haihuwar bara. Wata leda mai ma'auni sunka shimfiɗa ƙarƙashinta, da jinin ya kai layi sai ga su a guje da allurai. Ungozomar ta ce ledar daga wani bincike ta fito, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sakamakonsa ya fito a 2023. Wasu matan ne aka auna nasu jinin kafin tawa ta amfana. Shawarata ki tahi da Inna da kanta ta ga kwalbar.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai. Na kira su, sun ce bibiya ce kawai, ba sabon magani. Inna ta yarda za ta raka ni ranar Litinin, amma ta ce ita za ta riƙe Sadiƙ, kuma wankan safe ba fashi, sai dai a sirka ruwan.