Neman agaji: me za mu kira "open source" da Hausa?

Mai Shirin Fasaha: Assalamu alaikum malamaina. Gobe bayan La'asar ina da shiri kai-tsaye a rediyo nan Birnin Kebbi, kan Jitsi Meet, manhajar kiran bidiyo da ta fito daga aikin Jitsi, wanda Emil Ivov ya faro a 2003 yana ɗalibi a Jami'ar Strasbourg ta Faransa. 'Yan Freifunk, ƙungiyar masu samar da intanet kyauta, na birnin Munik a Jamus sun ɗora ta a kan kwamfutocinsu tun kullen korona na 2020, kowa ya shiga ba ko sisi. Abin da ya ba su wannan dama shi ne manhajar "open source" ce, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Kalmar ce ta tsaya mini a wuya.

Ɗan Jega: Manhajar kyauta. An gama.

Malamar Kwamfuta: A'a ƙanena. WhatsApp ma kyauta kake kira da shi, amma wa ya taɓa nuna maka cikinsa? Mai kilishi ya ba ka ɗanɗano daban, ya faɗa maka abin da ya zuba a yajinsa daban. Ni "buɗaɗɗiyar manhaja" nake gaya wa ɗalibaina.

Mai Shirin Fasaha: Malama, na gwada ta a gida jiya. Hajiyarmu ta ajiye carbi ta ce, "Buɗaɗɗiya? Kenan in ina magana da ƙanwarka a Kaduna duk gari na saurare?" Nan na san akwai aiki.

Baban Argungu: Mi kuka nema haka da nisa? Manhajar gayya! Kowa ya zo da kalmenai, a yi aiki a tashi, babu mai biyan wani. Haka munka taras ana yi tun kakanni.

Malamar Kwamfuta: Baba, ta yi daɗi a kunne, sai dai tun 2018 kamfanin 8x8 na Amurka ke riƙe da Jitsi, kuma albashi yake biyan ma'aikatansa. Gayyar tana wajen irin mutanen Munik.

Baban Argungu: Ɗiyata, mai gona ma na nan in anka yi gayya. Wanga bai hana a kira ta gayya.

Na Gwandu: Ni ita "manhaja" ɗin ce ma ban yarda da ita ba. Balarabiya ce, kuma tsarin karatun makaranta muka san ta da shi kafin 'yan jarida su jingina mata waya.

Ɗan Jega: To Malam, sai mu mayar wa Larabawa da littafi da alƙalami da Laraba da Alhamis. Kuma Baba, daidaitacciyar Hausa ake yi a rediyo, ba "munka" da "anka" ba.

Baban Argungu: Daidaitatta ga wa? Don Turawa sun zaɓi ta Kano sun buga littafi shi ne tamu ta zan karkatatta? Ka je Surame ka ga ganuwar Kanta, kana ka dawo ka koya min Hausa.

Ɗan Jega: Allah ya huci zuciyarka Baba, tsokana ce.

Mai Shirin Fasaha: Don Allah mu dawo, dare na yi. Ga ma wata: su masu aikin ba albashi, irin mutanen Munik, a rubutuna na kira su "'yan sa-kai".

Na Gwandu: Kul! A nan da Zamfara ka ce 'yan sa-kai, mai sauraro bindigar toka zai hango, ba kwamfuta ba.

Malamar Kwamfuta: To ga gurbin kalmar Baba. Mutanen su zama "masu aikin gayya". Manhajar kuma ka ce buɗaɗɗiya, ka bi ta nan take da bayani: ginin ne a buɗe, ba hirar mutane ba. Ko Turawan sai a 1998 suka tsayar da tasu kalmar, har yau mabiya Richard Stallman, jagoran fafutukar 'yancin manhaja, ba su karɓe ta ba.

Mai Shirin Fasaha: Na ɗauka. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Baban Argungu: Rabin magana kunka ɗauka. Ni dai in anka buɗe layi zan bugo, kuma manhajar gayya zan ce.