Wai gwajin magani a jikin ɓera ɓata lokaci ne?

Sagir: Jama'a ni fa na gaji da labaran nan na "masana sun gano maganin kansa", kana buɗewa da murnarka ka karanta har ƙasa sai ka tarar ashe ɓera aka warkar. Kullum ɓera. Tun 1998 Richard Klausner, shugaban cibiyar binciken kansa ta Amurka a lokacin, da bakinsa ya ce sun yi shekara da shekaru suna warkar da ɓeraye daga kansa amma abin ya ƙi ci a jikin mutum. Ni dai a ganina gwajin dabbobin nan asarar kuɗi ne da lokaci, mutum daban ɓera daban. Mai ja ya ja.

Auwal: Hhhh wato a duniyar nan babu mai gatan asibiti kamar ɓera

Dakta Kabiru: Malam Sagir na ja. Maganar Klausner gaskiya ce, kuma har yau cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane wajen tara faɗuwa suke. Amma ka duba me ake yi a daidai shekarun da ya yi maganar. A 1996 James Allison ya nuna cewa sojojin garkuwar jiki suna da wani birki, CTLA-4, in ka cire musu shi sai su far wa ƙarin kansar da kansu. A ina ya nuna? A jikin ɓera. Daga nan aka samo maganin ipilimumab da aka amince da shi a 2011 saboda kansar fata mai tsanani, wadda a da in ta bazu yawanci mutum ba ya cika shekara, sai ga kusan ɗaya cikin biyar suna kwashe shekaru a raye. Shi da Tasuku Honjo na Japan, wanda ya gano ɗaya birkin PD-1, suka raba kyautar Nobel a 2018. Jimmy Carter ma ai irin maganin aka ba shi a 2015 bayan cutar ta kai hanta da ƙwaƙwalwa, an haɗa masa da tiyata da gashin ƙari da haske, sai ƙarshen 2024 ya rasu yana da shekara 100.

Sagir: Dakta ɗaya ka kawo fa, cikin goma. Sauran taran wa zai biya?

Dakta Kabiru: To ai da ba a fara tace su a dabba ba, da waɗanda za su faɗi sun fi haka, kuma a jikin ɗan wani za su faɗi.

Malam Habu: A nan kam Dakta ban bi ka ba. Tacewar ma ba kullum take tarewa ba. 2006 a Landan an yi wa samari shida allurar gwajin wani sabon magani, TGN1412, an riga an ba birai ninkin-ba-ninkin abin da aka ba su kuma birai lafiya lau, amma cikin 'yan awanni duk shidan suna kwance rai a hannun Allah, garkuwar jikinsu ta haukace. To ina amfanin mai gadin da ɓarawo ya wuce ta gabansa?

Maman Hanif: Ni ba boko mai zurfi na yi a fannin nan ba amma bari in faɗi nawa. Mahaifinmu cutar mantuwa ce ta kama shi, Alzheimer. Abin da muka fara gani ba manta suna ba ne, hanya ce. Mutumin da ya fi shekara arba'in a gida ɗaya sai ka same shi tsaye a tsakar gida riƙe da takalmansa yana waige-waige, ya rasa wace ƙofa ce ɗakinsa, in ka tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce iska yake sha don kar mu gane. Wlh duk sanda na ga an ce an warkar da mantuwa a ɓera sai raina ya ɓaci, don haka ina bayan Yaya Sagir.

Nafisa: Allah ya ba Baba sauƙi Anti, ya ba ku ladan jinya. Ni da ɓerayen nake aiki kullum a ɗakin gwaji, kuma abin da kika faɗa na hanya shi ne ya sa zan yi magana. Sanin dalilin da ya sa Baba ya fara da ɓatan hanya daga ɓera aka samo shi. John O'Keefe a 1971 ya sa wa ɓera siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa ya sake shi yana yawo, sai ya ga akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai ɓeran ya iso wani lungu takamaimai, wannan na kusurwar nan, wancan na bakin bango. A 2005 May-Britt da Edvard Moser a Norway suka gano wasu a maƙwabcin sashen da ke auna tazara kamar taswira. To wannan yankin na taswira yana cikin wuraren da Alzheimer ke fara ci. Wannan aikin ne ya ba su ukun kyautar Nobel a 2014.

Maman Hanif: Ikon Allah. Amma ƙanwata sanin dalili ai ba magani ba ne

Nafisa: Haka ne Anti, kuma a ɓangaren magani Yaya Sagir ya fi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Ɓera ba ya kamuwa da Alzheimer da kansa, mu ne muke cusa masa ƙwayar gadon mutum ta irin cutar da ke bin dangi, wadda 'yan ƙalilan ne cikin masu cutar ke da ita, sai dattin furotin ya taru masa a ƙwaƙwalwa mu wanke mu ce mun warkar. A 1999 an yi rigakafin da ya share dattin a ɓeraye duniya ta ɗauka, da aka zo kan mutane sai aka tsayar a 2002 don kusan kashi 6 cikin ɗari ƙwaƙwalwarsu ta kumbura. Maganin lecanemab da aka amince da shi a 2023 ma rage gudun cutar yake da kamar kashi 27 cikin ɗari a wata 18, ba ya dawo da abin da ya tafi.

Sagir: Yauwa! Ga 'yar gida ta faɗa

Nafisa: Tsaya mana Yaya ban gama ba. Matsalar da nake gani da idona ba wai ɓera ba mutum ba ne, kowa ya san wannan, matsalar yadda muke riƙe shi ce kamar kwalbar gwaji alhali dabba ce mai tsoro da jin sanyi da sanin wanda ya shigo. In ka ɗago shi ta wutsiya yadda aka saba zai yi fitsari a hannunka, ka mayar da shi ya maƙale a lungu, in ka sa shi gwajin tuna hanya a wannan halin me ka auna, mantuwa ko firgici? Amma in ka bar shi ya shiga ɗan bututu ka ɗaga shi a ciki, bayan kwana kaɗan shi zai zo yana shinshinar yatsunka. A 2014 a jami'ar McGill ta Kanada, ƙungiyar Jeffrey Mogil ta nuna warin namiji kawai, ko rigar da namiji ya kwana da ita, yana tayar wa ɓeraye hankali har su rage nuna jin zafi. Ka ga ɗakin gwaji biyu za su gwada maganin ciwo ɗaya su sami amsa biyu saboda wanda ya riƙe sirinji. Sanyi ma haka, ana ajiye su a digiri 20 zuwa 22 don jin daɗin ma'aikata alhali su wajen 30 suke so, kuma an ga ƙari ya fi saurin girma a jikin wanda ke cikin sanyi.

Auwal: Wato har ɓera ya san maza matsala ne, shikenan mun shiga uku

Malam Habu: To Malama Nafisa in haka ne me ya hana a bar su gaba ɗaya? Amurka ai tun Disambar 2022 ta cire dokar da ta wajabta gwajin dabba kafin na mutum, yanzu ana tsirar da ɗan ƙaramin naman ƙwaƙwalwa ko na ƙari daga ƙwayoyin majiyyacin kansa a gwada magani a kai.

Dakta Kabiru: Cire tilas aka yi Malam, ba hanawa ba. Naman da ke cikin faranti ba shi da hanta da za ta narka maganin, ba ƙoda, ba cikakkiyar garkuwar jiki, da shi Allison ya dogara da bai ga komai ba. Kuma ba ya tafiya balle ya ɓata hanya.

Sagir: Na sauko kaɗan, ba duka ba. A ci gaba da ɓeran amma duk ɗan jaridar da ya rubuta "an gano magani" bai sa "a jikin ɓera" a kanun labarin ba ni da shi ne. Kuma Dakta har yanzu ba ka ba ni amsar taran nan ba fa.

Maman Hanif: Nafisa don Allah wancan lecanemab ɗin, wanda cutar ta riga ta yi nisa ana ba shi?

Nafisa: A'a Anti, sai a farko-farkonta, kuma sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa saboda yana iya kawo kumburi ko ɗan zubar jini. Ki tambayi likitan da ke duba Baba wane mataki yake.