Neman kalma: "sabsidi" na manoman Amurka tallafi ne ko ciko?

1/ Jama'a, ku kawo agaji. Kuɗin da gwamnatin Amurka ke biyan manoman karkara, wanda suke kira sabsidi, duk kafafen labarai "tallafi" suke ce masa. Ni kalmar ba ta kwanta min ba.

2/ Dalili: Bahaushe in ya ji tallafi, layin rabon shinkafa yake gani, ko buhun taki a rabin kuɗi kamar na zamanin ministan noma Akinwumi Adesina a 2012. Ma'ana, mai ƙaramin ƙarfi ake ɗagawa. A can kuwa kuɗin faɗin gona yake bi. Mai eka dubu biyu ya fi mai eka hamsin samu nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sunan kamfani ko na haɗakar iyali ne a saman jerin masu karɓa.

3/ Ga yadda abin yake. Tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, aka fara. A dokar noma ta 2014 an yanka wa masara dala 3.70 kan kowane awon bushel, kusan kilo 25 ke nan, gyaɗa kuma dala 535 kan tan. Idan matsakaicin farashin shekara ya faɗi ƙasa da wanda doka ta yanka, gwamnati ta biya bambancin. Kuma ba abin da ka shuka bana ake dubawa ba, tsohuwar rajistar gonar ake bi a ofishin ma'aikatar gona na yankin. Wannan ai ciko ne. Na ce mu kira shi "cikon farashi".

4/ Wani malaminmu ya ce "rangwame". Allah ya gafarta Malam, rangwame a wurin saye ake yin sa. Zai dace da inshorar amfanin gona, inda gwamnati ke ɗauke wa manomi fiye da rabin kuɗin da zai biya. Amma wanda aka tura wa kuɗi a asusu ba rangwame aka yi masa ba.

5/ Wata yayarmu ta kawo "diyya". Yaya, kin yi gaskiya a wuri ɗaya: kuɗin da gwamnatin Trump ta raba a 2018 da 2019, lokacin da China ta ƙaƙaba wa waken suya haraji, diyya ce tsantsa. Na fari da ambaliya ma haka.

6/ Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne shirin 1985, inda ake biyan manomi duk shekara don ya bar gonar da ke zaizayewa ta yi ciyawa tsawon shekara 10 zuwa 15. Muna da "saura", gonar da aka bari ta huta. To, "kuɗin saura" ko "hayar hutun gona"? Na biyun ya fi fita a kunnena, don na farkon sai a zaci canji ake nufi.

7/ Shi kuma yankin da suke kira kawunti, kada mu ce gunduma, sai a fara neman hakimi. Ƙaramar hukuma ta fi kusa. Jihar Iowa na da 99, Texas 254.

8/ Inda na tsaya: "tallafin noma" ya zauna a kanun labari tunda kunne ya saba. A cikin labarin kuwa a bambance, a ce cikon farashi, diyya ko rangwamen inshora. Na hutun gonar ne ban rufe ba. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, me manomanku ke cewa?